Jakar keke: Abin da ke raba mai ƙarko da mai saurin yagewa

Tun bayan da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, jama'a da dama a karkarar jihar Katsina suka koma ga keke, abin hawan da a da ake ganin babur ya riga ya ture shi.

Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa.

A garin Kafinsoli da ke ƙaramar hukumar Kankiya, da ƙauyukan da ke tsakaninsa da Kusada, keke abin zuwa gona ne da kasuwa da makaranta. Da shi ake kai taki gona, da shi ake kai gero da wake da gyaɗa kasuwannin yankin kamar ta Kankiya da ta Charanchi, a kuma komo da cefane.

Sai dai keke ba shi da wurin zuba kaya in ban da kariyar da ke bayan sirdi. Don haka duk mai son ɗaukar abin da ya wuce ƙulli guda, sai ya nemi jakar da zai rataya. Ingancin wannan jaka shi ke nuna ko hatsin zai isa kasuwa ko zai tsiyaye a hanya, shi kuma ke nuna ko ƙafar keken za ta daɗe ko za ta lanƙwashe.

Daga jaki zuwa keke

Dabarar rataya kaya gida biyu a bayan abin hawa ta girmi keke nesa ba kusa ba a ƙasar Hausa. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna ɗora wa jakuna taiki da waga na fata, bayan sun shimfiɗa akumari don kada kaya su ji wa dabbar ciwo. Har yanzu da mangala ake kai takin gargajiya gona, da ita ake jidar ƙasa da yashi.

Mangala tana da ƙa'idoji uku da kowane mai jaki ya sani. Nauyin hagu da na dama su zo daidai. Kayan su sauka ƙasa a gefen dabbar maimakon a jibge su a sama. Sannan tsakiyar mangalar, inda duk nauyin ke rataye, ta fi ko'ina ƙarfi.

Da keke ya bazu a arewacin Najeriya a zamanin mulkin mallaka, musamman samfurin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila, wanda daga baya aka riƙa harhaɗa shi a Kano, sai aka mai da wannan dabara kansa. Haka aka ci gaba da yi da kekunan Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya da suka biyo baya.

Jakunkunan keke sun kasu kashi uku. Akwai 'yar ƙaramar jakar da ake ɗaurewa a bayan sirdi, wadda a tsofaffin kekuna ake zuba sifana da kayan faci a cikinta. Akwai wadda ake ratayawa a ƙarfen tsakiya, tsakanin sirdi da kan keke, wadda ta dace da littattafai da takardu. Sai kuma babbar, mai gida biyu, da ake ɗorawa a kan kariya, wato mangalar keke. Ita ce ta manomi da ɗan koli, kuma ita ce ta fi shan wahala.

Buhu, roba ko auduga

Abu na farko da ke raba jaka da jaka shi ne abin da aka ɗinka ta da shi.

Mafi araha ita ce ta buhun roba, irin wanda ake zuba taki ko siminti ko shinkafa. Ba ta da nauyi, ruwa ba ya ruɓar da ita, kuma kowa na iya ɗinka ta da basilla da kirtani. Babban abokin gabarta shi ne rana. Hasken rana yana cinye ƙarfin zaren robar da aka saƙa buhun da shi, har ya kai ga yana marmashewa kamar gari idan an murza shi. Haka kuma bakin da aka yanka yana warwarewa idan ba a naɗe shi ba ko ba a ƙona shi da wuta ba.

Na biyu shi ne tamfol na roba, irin wanda ake rufe manyan motoci da shi. Ruwa ba ya ratsa shi ko kaɗan, kuma yana jure ƙaya. Amma iska ma ba ta ratsa shi. Tumatir ko alayyafo ko rogo da aka zuba a ciki da tsakar rana sai su yi gumi su yi laushi kafin a isa kasuwa. Idan ya tsufa kuma yakan tsattsage a wurin da ake yawan lanƙwasa shi.

Na uku shi ne tamfol na auduga, wato kyalle mai kauri da saƙa a matse, irin wanda ake yin tantin soja da shi. Ana gane kaurinsa da nauyinsa. Murabba'in mita guda na yadin riga bai cika wuce giram 150 ba, na wandon jins yana kusan giram 400, shi kuwa tamfol na auduga da ake yin jakar keke mai inganci yakan kai giram 600.

Auduga tana da wata baiwa da roba ba ta da ita. Idan ruwa ya taɓa zarenta sai ya kumbura, ƙananan ƙofofin da ke tsakanin saƙar su toshe, ruwan ya riƙa gangarewa. Bugu da ƙari, zaren auduga yana ƙara ƙarfi idan ya jiƙe. Idan kuma ya bushe, iska na shiga da fita, don haka kayan ciki ba sa yin gumi.

Aibinta shi ne nauyi da tsada, sannan idan aka ajiye ta a jiƙe tana yin fumfuna ta ruɓe, gara da ɓera kuma ba sa ƙyale ta.

Darasi daga Ingila da Jamus

Wannan baiwa ta auduga ce ta sa jakar keke ta tamfol ta yi suna a Turai. A farkon shekarun 1930, wani mahayin keke mai suna Wilf Carradice ya fara ɗinka irin waɗannan jakunkuna a garin Nelson da ke yankin Lancashire a Ingila, garin da ya shahara da masaƙun auduga. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya yi fice a kan jakar bayan sirdi ta auduga da aka shafa wa kaki, mai maɗaurai na fata.

Tsarinta ba shi da wani sarƙaƙiya. Akwai ɗan sandan katako da ke kwance a cikin jakar daga sama, shi ke ɗaukar nauyin ya raba shi a faɗin kyallen. Maɗauran fata biyu suna zagaye sandan su shiga ƙofofin ƙarfe da ke bayan sirdi, na uku kuma ya kama ƙarfen da ke riƙe da sirdin. Marufi mai faɗi ya sauko ya lulluɓe baki. Mafi girma daga cikinsu tana cin kimanin lita 24.

Abin da ya sa mahaya suka riƙe ta shekara da shekaru shi ne duk abin da ya lalace a jikinta ana iya gyara shi da allura da zare da guntun fata.

A Jamus kuwa an bi wata hanyar. A shekarar 1982 Hartmut Ortlieb ya kafa kamfani a birnin Nuremberg, bayan ya fara gwada ɗinka jaka da tamfol na manyan motoci. Daga baya kamfanin ya koma liƙe gefunan robar da na'ura maimakon ɗinki, don kada a bar hudar allura ko ɗaya da ruwa zai bi. Irin wannan jaka ta dace da ƙasar da ake ruwa a kowane wata na shekara, amma gyaranta yana buƙatar kayan aiki na musamman.

Rana da ƙura da damina

Yanayin tsakiyar jihar Katsina ya sha bamban da na Turai, don haka ba duk abin da ya yi daidai a can ne zai yi a Kafinsoli ba.

Ruwan sama a wannan yanki yana sauka ne galibi daga watan Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin takwas na rana ne da ƙura. A bazara, wato Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, a hunturu kuma ƙura ce ke shiga ko'ina. Ma'ana, jakar tana fama da rana fiye da yadda take fama da ruwa.

Wannan yana shafar abubuwa uku. Na farko shi ne kaki. Kakin zuma yana narkewa a kusan digiri 63, wasu nau'o'in kakin kyandir kuwa suna fara narkewa tun kafin digiri 50. Baƙin kyalle da aka bari a rana yana ɗaukar zafi fiye da iskar da ke kewaye da shi, don haka jakar da aka laɓta wa kaki za ta yi danƙo, ƙura ta manne mata, ta kuma ɓata tufafin mahayi. Ya wadatar a shafa kaɗan a kan marufi da layin ɗinki gab da faɗuwar damina. Launi mai haske, kamar ruwan ƙasa ko kaki, ya fi baƙi dacewa.

Na biyu shi ne zif. Ƙura da yashi suna shiga haƙoransa su cinye su, kuma da zarar ya lalace jakar ta zama a buɗe. Marufi mai faɗi da ake ɗaurewa da maɗaurin fata ko igiya ya fi ƙarko, yana kuma ba da damar ƙara kaya idan jakar ta cika.

Na uku shi ne zare. Zaren auduga yana kumbura ya toshe hudar allura, amma yana ruɓewa. Zaren nailan yana da ƙarfi, sai dai rana na raunana shi. Zaren foliyesta mai kauri ya fi su jure rana, shi ya sa ya fi dacewa da ɗinkin da ke waje.

Inda jaka ke mutuwa

Da wuya jaka ta yage a tsakiyar kyalle. Tana mutuwa ne a wurare huɗu: tsakiyar da ke kwance a kan kariya, gindin maɗaurai, kusurwoyin ƙasa, da bayan da ke gogar ƙarfen keke.

Tsakiyar ita ce ke ɗaukar nauyin gidajen biyu, tana kuma gogar ƙarfen kariya a duk lokacin da keke ya faɗa rami. Jaka mai kyau ana yanka wannan ɓangare ne daga kyalle guda da ya tashi daga gindin gidan hagu ya haye kariya ya sauka gindin gidan dama, ba tare da haɗi a tsakiya ba. Akan kuma ninka shi biyu, ko a shimfiɗa masa fata a ƙasa, kamar dai yadda akumari ke kare bayan jaki.

Maɗaurin da aka ɗinka a kan kyalle falle ɗaya, komai ƙarfinsa, zai fizge kyallen ya fita da shi. Ana magance haka da sanya guntun fata ta ciki, a ɗinka maɗaurin da kyallen da fatar a haɗe, ɗinki mai kusurwa huɗu da gicciye a tsakiya.

A gindin jaka kuwa, bai kamata layin ɗinki ya zo daidai ƙasa ba, inda hatsi ke dannawa. An fi so kyallen ya zagayo ƙasa, a yi haɗin a gefe, a naɗe bakin sau biyu a bi shi da layin ɗinki biyu. Ɗinkin da ya cika matsewa ma yana da illa, domin hudojin allura da suka yi kusa da juna suna zama layin da kyallen zai bi ya yage.

Daidaito a kan hanya

Ingancin kyalle da ɗinki ba su isa ba idan tsarin jakar bai dace da keken ba. A nan ne maganar ta wuce asarar kaya ta shafi lafiyar mahayi.

Jakar da ba ta da tauri a bayanta tana lanƙwasawa ta shiga cikin wayoyin ƙafar baya. Idan hakan ta faru ana cikin gudu, ƙafar na iya tsayawa cak, wayoyi su karye, mahayi ya faɗi. Maganin shi ne a saka wani abu mai tauri a aljihun da aka ɗinka a bayan kowane gida, kamar siririn katako ko faifan roba da aka yanko daga tsohuwar jarka, a kuma ɗaure gindin jakar a jikin ƙarfen kariya don kada ta riƙa lilo.

Haka nan dole a bar wa dunduniya wuri. Jakar da ta matso gaba da yawa, dunduniyar mahayi za ta riƙa bugunta a duk zagayen feda. Wadda kuma aka ja baya da yawa, nauyinta zai wuce tsakiyar ƙafar baya, gaban keken ya yi sakayau, tuƙi ya yi wuya a cikin yashi. Shi ya sa ake yanke kusurwar gaba ta ƙasa a karkace.

Lissafin nauyi ma yana da sauƙi. Buhun hatsi mai kilo 100 yana cin kimanin tiya 40, wato kowace tiya kusan kilo biyu da rabi ke nan. Tiya 10 da aka ɗaure a dunƙule a saman kariya da robar tsohuwar taya, kilo 25 ne a sama, suna rinjayar keke duk inda ya karkata. Idan aka raba su biyar-biyar a gidajen mangala, nauyin bai canja ba, amma ya sauko ƙasa, keken kuma ya fi tsayuwa.

Ƙarfin keken shi ma abin dubawa ne. Tsofaffin kekuna irin na Ingila suna zuwa da waya 40 a ƙafar baya, 32 a ta gaba, saboda baya ce ke ɗaukar nauyi. Keken Buffalo, wanda ƙungiyar World Bicycle Relief da aka kafa a 2005 ta ƙera don karkarar Afirka, an yi kariyarsa ta ɗauki kilo 100. Amma kekunan gwanjo masu giya da ake shigowa da su daga Turai, yawancin kariyarsu kilo 25 aka rubuta a jiki. Ɗora wa irinsu buhun taki mai kilo 50 neman karyewa ne. Sannan jakar da ta sauko da yawa ta gefen dama tana iya danne ƙarfen canja giya.

Ga masu bin titin Kano zuwa Katsina, wanda ya ratsa Yashe da Kankiya, da asuba ko bayan magariba, jaka mai faɗi tana iya rufe 'yar fitilar baya. Ɗinka kyalle mai ƙyalli a bayan kowane gida yana taimaka wa direba ya hango faɗin keken.

Auduga a gona, kyalle a waje

Abin lura shi ne jihar Katsina na cikin manyan wuraren noman auduga a Najeriya, kuma garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi sun daɗe da injinan gurzarta. Amma manyan masaƙun da ke mai da ita kyalle sun durƙushe. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, wasu da dama kuma suka bi sahunta a Kaduna da Kano.

Sakamakon haka, telan da ke neman tamfol na auduga mai kauri ya dogara ne ga wanda aka shigo da shi daga waje, ko ga tsohon tanti da tsohon rufin mota da ake samu a gwanjo. Wannan na cikin dalilan da suka sa jakar buhu ta mamaye karkara.

Fata kuwa ba ta yi ƙaranci ba. Majema da dukawa suna nan a Kano da Katsina da sauran garuruwa, kuma kasuwanni irin su Kurmi da Ƙofar Wambai sun shahara da kayan fata. Gwanintar da ake buƙata wajen yin maɗauri da ƙarfafa kusurwa ita ce dai wadda ake yin gafaka da kayan doki da ita. Tela mai keken ɗinki na masu kauri da baduku guda sun isa su fitar da jakar da ta cika duk sharuɗɗan da aka ambata.

Kafin a biya kuɗi

Mai saye na iya gwada jaka da hannunsa. Ya ɗaga kyallen ya kalli rana ta cikinsa. Idan haske na ratsowa sosai, saƙar ba ta matsu ba. Ya zuba ɗan ruwa ya ga ko zai gangare ko zai nutse nan take. Ya juya cikin jakar waje ya duba ko an naɗe bakin kyallen. Ya ja maɗauri da ƙarfi ya ga ko ɗinkin zai buɗe. Sannan ya ɗora ta a kan kekensa, ya zuba mata nauyi, ya ɗan zagaya kafin a yi ciniki.

Bayan saye, kulawa ce ke tsawaita kwananta. A kakkaɓe ƙura da buroshi maimakon yawan wanki da sabulu, a shanya ta a inuwa idan ta jiƙe, a rataye ta nesa da ƙasa saboda gara, a kuma shafa wa fatar man kaɗanya don kada hunturu ya tsattsaga ta.

Akwai kuma batun lafiya. Takin zamani yana jan laima, yana sa ƙarfe tsatsa, maganin ƙwari kuma yana shiga cikin zaren auduga ya zauna. Jakar da aka ɗauki irin waɗannan kaya da ita bai kamata a zuba mata hatsi ko kayan miya ba, sai dai idan tun farko an ƙunshe su a leda mai kauri.

Jakar buhu ta fi araha a ranar saye, amma mai ita yakan sake ɗinka wata kafin shekara ta zagayo, ban da hatsin da ya zube da wayoyin da suka karye. Ta tamfol na auduga kuwa, idan ta huje ana yi mata faci, idan maɗauri ya tsinke baduku na sake shi a ranar kasuwa. Hausawa kan ce kaya sun tsinke a gindin kaba, kuma ga manomin da ke tsakanin Kafinsoli da Kusada, jakar da za a iya gyarawa a garinsu ita ce ta fi yi masa amfani.